Kwana biyu a Brussels: ina ake samun giyar ƙananan masana'antu ta ƙwarai?

Danjuma Bukuru: Salama 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san Beljiyam ce. Mutum yana da Juma'a da Asabar a Brussels, babu mota, masaukinsa kusa da Grand-Place, babban dandalin tsakiyar gari. Ina zai nufa ya samu giyar ƙananan masana'antu, ba Jupiler da Stella da ke kowane lungu ba? Ina son sanin mashaya, da inda ake dafawa, da shagon da za a sayi kwalba a tafi da ita gida. Duk wanda aka tambaya sai ya ce mashayar Delirium.

Bitrus K.: Danjuma, ka ajiye maganar Delirium tukuna. Safiyar Juma'a ka ba masana'antar giya ta Cantillon. Tana Rue Gheude a unguwar Anderlecht, tafiyar minti goma a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa ta Midi. Tun 1900 iyali ɗaya ke riƙe da ita, kuma tun 1978 aka mai da ita gidan tarihi alhali ana ci gaba da aiki a ciki. Ba sa buɗewa Laraba da Lahadi, kuma da la'asar sun rufe, don haka wanda ya bari sai ya gama yawon gari zai tarar da ƙofa a garƙame. Asabar cunkoso ne, in ita ce kaɗai ta rage maka to ka duba shafinsu tun kana gida ka ga ko sai da rajista.

Dalilin da ya sa na ce nan za ka fara shi ne lambic. IPA, wato giya mai ɗaci da ƙamshin furen hop, kowane babban birni na Turai yana da masu yin ta, wasu ma sun fi na Brussels iyawa. Lambic kuwa ta wannan yanki ce, Brussels da kwarin kogin Senne da ƙauyukan Pajottenland. Ana haɗa tsiron sha'ir kusan kashi biyu cikin uku da ɗanyar alkama kashi ɗaya, a tafasa ruwan na sa'o'i tare da tsohon furen hop da ya shekara biyu zuwa uku a ajiye, wanda ɗacinsa ya tafi amma yana hana giya lalacewa. Daga nan a tura ruwan sama, ƙarƙashin rufin gini, cikin wani faffaɗan kasko na jan ƙarfe mara zurfi, a bar shi ya kwana a buɗe iskar dare tana shiga. Ba a zuba masa yis na kanti. Abin da ke cikin iska da katakon ginin da gangunan ne ke kama shi. Da safe a ɗura a gangunan katako, ya zauna shekara ɗaya, biyu, ko uku.

Idan ka shiga ka ga yanar gizo-gizo a kan katakon rufi, ba ƙazanta ba ce. Ba sa kashe gizo-gizo domin shi ke cinye ƙananan ƙudajen da 'ya'yan itace ke jawowa.

Ladi Gyang: Ƙari kan bayanin Yaya Bitrus: ba duk shekara ake dafa lambic ba. Sai sanyi ya shigo, daga ƙarshen Oktoba ko Nuwamba zuwa wajen ƙarshen Maris, saboda in dare bai yi sanyi sosai ba ruwan ba ya hucewa da wuri, ƙwayoyin da ba a so su riga na kirki shiga. Wanda ya je a Yuli zai ga kaskon a bushe. Zai ɗanɗana, zai ga ganguna, amma ba zai ga tururi ba. Sau biyu a shekara, a Nuwamba da Maris, suna buɗe ranar dahuwa ga jama'a tun da asuba.

Danjuma Bukuru: Na gode. To mene ne bambancin lambic da gueuze da kriek? A jerin abin sha na ga an rubuta su daban-daban.

Ladi Gyang: Lambic ita ce uwa, kai tsaye daga ganga, babu kumfa ko kaɗan, ga tsami. Wanda ya taso inda ake dafa burkutu ba zai yi mamakinta ba, don tsamin dangi ɗaya ne, sai dai burkutu a kwana biyu uku ake shanye ta tana da kauri, lambic kuwa shekaru ta yi har ta tace ta zama garau. Gueuze haɗi ce: a gauraya ta shekara ɗaya, wadda har yanzu akwai sauran sukari a jikinta, da ta shekara biyu da uku, a rufe a kwalba mai kauri, ta sake tashi a ciki na watanni. Daga nan kumfar ke fitowa. Kriek kuma lambic ce da aka jiƙa 'ya'yan ceri masu tsami a ciki, a Cantillon wajen giram 200 a kowace lita. Faro ita ce wadda aka sa wa sukari.

Inda baƙi ke faɗawa rami shi ne kriek. Akwai ja-jawur mai zaƙi kamar lemon kwalba, an dafa ta an kashe yis ɗin an ƙara kayan zaƙi, ita ce ta cika wuraren da ke kewaye da Grand-Place. Ka nemi kalmar Oude ko Vieille a jikin kwalba: Oude Geuze, Oude Kriek. Tun 1997 dokar Tarayyar Turai ta keɓe wannan suna ga wadda aka yi ta hanyar gargajiya.

Bitrus K.: Gyara ɗaya, Ladi, don kada ya rikice. Cantillon ba ta rubuta Oude a kwalbarta, "100% Lambic" take rubutawa. Kada ya ga babu kalmar ya ajiye. Amma ga sauran masu yin gueuze irin Boon, 3 Fonteinen, Tilquin, Oud Beersel da Hanssens, ƙa'idarki daidai take.

Ladi Gyang: Haka ne Yaya, na yarda.

Yohanna T.: Ni ban goyi bayan a kore Delirium gaba ɗaya ba. A 2004 ta shiga kundin Guinness da nau'in giya 2,004, kuma har gobe akwai kwalaben da ba za ka samu a wani wuri cikin gari ba. Matsalarta lokaci ne. Daga ƙarfe takwas na daren Juma'a ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai, mai zuba giya ba shi da sakan goma na yi maka bayani. Ka shiga da rana tsakanin biyu da huɗu, ka nemi babban littafin jerin kwalabe, ka zaɓi abu ɗaya da ka riga ka san sunansa, ka sha ka fita. Tana Impasse de la Fidélité, minti kaɗan daga masaukinka, ba asarar kuɗin mota.

Kuma kriek mai zaƙi ba laifi ba ce. Akwai wanda bakinsa ba ya ɗaukar tsami. Abin da ba daidai ba shi ne a sayar masa da ita da sunan ta gargajiya.

Bitrus K.: Yohanna, a kan zaƙi ba mu da saɓani. A kan yawa ne muka rabu. Wurin da ke da kwalba dubu biyu dole wasu su daɗe ba a taɓa su ba. Ga gueuze da manyan giyar gidajen ibada wannan ba komai, ƙara kyau ma suke. Amma giyar da ƙamshin hop ne jarinta, wata uku zuwa huɗu ta fara mutuwa, a shekara sai warin jiƙaƙƙen kwali. Yawan suna a allo ba ya nuna komai game da abin da zai sauka a kofinka. Gara wuri mai famfon zuba giya goma sha biyu da gangar ke ƙarewa a kwana uku.

Yohanna T.: Shi ya sa na ce ya zaɓi abin da ya sani. A can kwalbar gueuze ko Rochefort zan ce ya nema, ba IPA ba.

Saratu M.: Tunda an zo maganar gane wuri, ga abin da ake dubawa kafin a zauna, kuma wannan ya shafi kowane birni.

Fara da allon da ke saman ƙofa. Yawancin mashayun Beljiyam suna da yarjejeniya da babban kamfani, shi ya ba su famfo da firiji da kujeru, su kuma su sayar da kayansa. In ka ga tambarin Jupiler ko Maes ya mamaye rumfa da laima, ka san abin da ke famfo tun kafin ka shiga. Wuri mai zaman kansa yakan rubuta sunan masana'anta kusa da sunan giya, da ƙarfinta, da girman kofi.

Sai kofin wanda ke teburin kusa. In ƙananan kumfa sun manne a jikin gilashin daga ciki, ƙasa da kan kumfar, kofin bai wanku ba, akwai maiƙo ko sauran sabulu. Kofi mai tsabta kumfarsa na tsayawa, tana barin zobe-zobe a jiki yayin da giyar ke sauka. Mai zuba giya na kirki yana ɗauraye kofi da ruwan sanyi kafin ya zuba, kuma ba ya tsoma bakin famfo cikin giyar.

In ka kurɓa ka ji kamar man shanu, ko tsami irin na ruwan tsami a giyar da bai kamata ta yi tsami ba, yawanci tiyon famfon ne ba a wanke ba. Ka mayar cikin ladabi ka nemi kwalba. Wuri nagari ba ya musu a kan wannan.

Da wannan ma'aunin, mashayar Moeder Lambic ce amsar tambayarka. Suna da biyu: ta Place Fontainas, kusa da tashar Anneessens, da tsohuwar ta Saint-Gilles a Rue de Savoie, ƙarama, ta 'yan unguwa. Ta Fontainas tana kan hanyarka ta dawowa daga Cantillon zuwa tsakiyar gari, famfonta sun kai wajen arba'in amma ciniki na tafiya, kuma ma'aikatan sun san abin da suke zubawa. Ka gaya musu abin da bakinka ke so, ɗaci ko tsami ko mai nauyi, su zaɓa maka. Poechenellekelder da ke daura da mutum-mutumin Manneken Pis ma, duk da tana tsakiyar 'yan yawon buɗe ido, jerin kwalabenta na gaske ne.

Rifkatu D.: Mashayar À la Mort Subite fa, Anti Saratu?

Saratu M.: A je don ginin, dogon zaure da madubai da tsofaffin tebura, ya cancanci a gani. Giyar da ke ɗauke da sunan kuwa yanzu ta Alken-Maes ce, ƙarƙashin Heineken. Kofi ɗaya ya isa.

Baba Ishaku: 'Ya'yana, duk kun yi maganar inda za a je, ba wanda ya yi maganar ƙarfi, kuma nan ne mutanenmu ke shan wahala. Ku yi lissafi. Babbar kwalbar Star ta gida 60cl ce, ƙarfinta wajen kashi 5 cikin ɗari, barasar da ke ciki kusan mililita 30. Ƙaramar kwalbar Westmalle Tripel 33cl ce, ƙarfinta 9.5, barasarta mililita 31. Wato wannan 'yar kwalbar daidai take da babbar. Duvel 8.5 ce, Chimay mai shuɗin tambari 9, Rochefort 10 kuwa 11.3. Ba sa ƙona maƙogwaro, zaƙi da kumfa sun rufe ƙarfin, sai mutum ya miƙe tsaye yake ganewa.

Don haka a jera su da hankali. A fara da mara nauyi, irin Taras Boulba ta Brasserie de la Senne mai 4.5, ko gueuze da ke tsakanin 5 da 7. Mai nauyi ta zo ƙarshe, guda ɗaya, bayan an ci abinci. Inda akwai ƙaramin kofi a nemi ƙarami. Kwalbar 75cl ta mutum biyu ko uku ce. A sha ruwa tsakani, kuma a sani a Beljiyam galibi ba a ba da ruwan famfo kyauta a mashaya, saye ake yi. Wuri uku a yini ya wadatar. Kuma unguwar tashar Midi da dare ba wurin da mutum zai bi yana tangaɗi da waya a hannu ba ne, masu yankan aljihu sun san aikinsu.

Danjuma Bukuru: Na ji, Baba. Allah ya ƙara girma. Asabar fa, in zauna cikin gari ko in fita?

Bitrus K.: Ka fita, rabin yini ne kawai. Daga Midi ka hau jirgin S2 mai zuwa Halle da Braine-le-Comte, ka sauka a Lot, bai kai minti ashirin ba. Wurin 3 Fonteinen da suke kira lambik-O-droom yana dab da tashar. A nan za ka iya ɗanɗana haɗi daban-daban na gueuze kusa da juna, ka ji yadda shekara da ganga ke canja abu ɗaya, kuma akwai shago. Ba kullum suke buɗewa ba, ka tabbatar da ranar. Boon tana Lembeek a kan layin nan, gaba da Halle. Tikitin tiram da metro na cikin gari ba ya kai ka can, na jirgin ƙasa daban ake saye, kuma ƙarshen mako jiragen ba su da yawa, ka duba lokacin na dawowa tun kafin ka zauna.

In ba ka son fita, ka tafi Tour & Taxis gefen magudanar ruwa, inda Brasserie de la Senne take. Yvan De Baets da Bernard Leboucq suka kafa ta, kuma su suka dawo wa birnin da giya mai ɗaci mara nauyi. Zinnebir ɗinsu tana famfo a wurare da dama a gari. Brussels Beer Project sun fara a 2013, suka buɗe wurinsu na Rue Antoine Dansaert a 2015, su ne masu Babylone da ake yi da burodin da bai samu mai saye ba. L'Ermitage kuma tana kusa da Cantillon, a ƙafa za ka je.

Malam Nura: Ina yi muku sallama. Tambaya ce a madadin waɗanda ba sa sha amma aiki kan haɗa su da abokan tafiya zuwa irin waɗannan wurare. Me mutum zai kiyaye?

Ladi Gyang: Malam, tambaya ce mai kyau. Abu na farko, rubutun "sans alcool" ko "alcoholvrij" ba ya nufin babu ko ɗigo. Ana yarda a rubuta haka ga abin da bai wuce kashi 0.5 ba. Pico Bello ta Brussels Beer Project, misali, 0.3 ce. Wanda ba ya son ko kaɗan sai ya nemi wadda aka rubuta 0.0 ƙarara, ko ya tsaya ga ruwa, lemo, shayi ko kofi, duk mashaya tana da su kuma ba mai kallon mutum. Na biyu, "bière de table" ko "tafelbier" giya ce mai barasa, ƙarfinta ne kawai kaɗan. Kriek mai zaƙi ma giya ce, kada launinta ya ruɗi mutum ya ɗauka zoɓo ne. Na uku abinci: carbonnade, wato naman sa da aka dafa har ya yi laushi, da giya ake yin romonta, haka zomo "à la gueuze" ko "à la kriek". Stoemp kuma, dankalin da aka dama da ganye, yawanci da tsiran alade ko kitsensa yake zuwa. A tambaya kafin a yi oda.

Malam Nura: Madalla, na gode ƙwarai. Maganar carbonnade ɗin nan mutane da yawa ba su san ta ba.

Rifkatu D.: A koma kan shaguna don Allah. Na ga ana sayar da Westvleteren 12 a shagunan da ke kusa da Grand-Place da tsada sosai. Ta cancanci kuɗin?

Yohanna T.: A'a. Sufayen gidan ibadar Sint-Sixtus ba sa ba shaguna irin waɗannan, ta intanet ake rajista a saya a hannunsu, da sharaɗin ba za a sake sayarwa ba. Duk wadda kika gani a tagar shago ta bayan fage ta zo, ba ki san rana nawa ta sha ba. Giya ce mai kyau, ƙarfinta 10.2, amma Rochefort 10 da St. Bernardus Abt 12 suna layi ɗaya da ita, kuma a babban kanti irin Delhaize ko Carrefour za ki same su a farashin 'yan gari. Ki duba tambarin mai kusurwa shida, "Authentic Trappist Product", alamar giyar da ake yi a gidajen ibadar sufayen Trappist. Gidaje biyar ne a Beljiyam yanzu: Westmalle, Westvleteren, Chimay, Orval, Rochefort. Achel ta rasa tambarin a 2021 da sufayenta suka ƙare. St. Bernardus ba ta cikinsu, amma wannan bai rage mata komai a kofi ba.

Saratu M.: Ƙa'idar saye a taƙaice: abin da babban kanti ke da shi a saya a babban kanti, lambic a saya a inda ake yin ta, sauran ƙananan masana'antu a je shagon da ya ƙware, irin Malt Attacks a Saint-Gilles ko Beer Mania a Chaussée de Wavre, gefen Matonge. A Cantillon akwai iyaka ga yawan kwalbar da mutum ɗaya zai fita da ita, wasu kuma a wurin kaɗai ake shan su, ba a fita da su. Kada a yi musu, haka tsarin yake.

A shago kada ka ɗauki kwalbar da ke taga ko ƙarƙashin fitila mai haske. Haske na taɓa sinadarin hop ya mai da shi wari mai kama da na jaɓa, kuma koriyar kwalba ba ta karewa kamar ruwan ƙasa. Ka ce a ɗauko maka daga kwali ko daga baya. Gwangwanin IPA in ba a firiji yake ba, ka bar shi. Ka juya gindinsa ka nemi ranar ɗurawa. In ranar ƙarewa kaɗai aka rubuta, THT a harshen Flemish, ka tambayi mai shago wata nawa masana'antar ke bayarwa, ka yi lissafi baya.

Orval daban ce, ita ranar ɗurawa ake bi. Mai wata uku ɗaci da ƙamshin hop ne a gaba. Mai shekara ɗaya ta bushe, yis ɗin daji da ke cikinta ya cinye sauran sukarin ya ba ta wani ƙamshi kamar na fata. Wasu mashayu suna sayar da sabuwa da tsohuwa, ka karɓi biyun ka raba da wani.

Danjuma Bukuru: Saura ɗauko su zuwa gida. Ba sa fashewa a jirgi?

Bitrus K.: Iskar jirgi ba ta fasa su, karo da juna ke fasa su. A jakar hannu ba za su wuce ba saboda dokar mililita 100, sai a akwatin da ake aunawa. Cikakkiyar kwalbar gueuze ta 75cl ta kai kilo ɗaya da rabi, guda shida sun cinye kusan kilo goma daga cikin kilo 23 na akwatinka, don haka 37.5cl ta fi dacewa da mai son kala-kala. Kowace kwalba a sa ta a safa, a sa a leda mai zif, a naɗe da riga, a jera a tsakiyar akwati, kada gilashi ya taɓa gilashi ko bangon akwatin. In ka girgiza akwatin ka ji motsi, ka ƙara tufafi. Wanda zai bi jirgin ƙasa na Eurostar zuwa Landan ba ruwansa da dokar mililita 100, kuma Ingila na barin mutum ya shiga da lita 42 na giya ba haraji.

Da ka isa kada ka buɗe a ranar. Ka tsayar da su mako ɗaya ko biyu yis ya kwanta, ka sanyaya kafin buɗewa, in ba haka ba rabin kwalbar a ƙasa zai ƙare. Ta Cantillon murfi biyu gare ta, na ƙarfe a sama da toshiya a ƙasa, sai da abin buɗe kwalba da abin zare toshiya. A zuba a hankali a karo ɗaya, a bar kamar yatsa ɗaya a gindi. Kada ta yi sanyin ƙanƙara, wajen digiri 10 zuwa 12 ne ƙamshinta ke fitowa.

Baba Ishaku: Kuma a duba inda za a sauka. Wanda jirginsa zai sauka a Kano, ko zai bi ta mota cikin jihohin da ke aiki da shari'a, kada ya ɗauko, doka ta hana kuma Hisbah na kamawa. A mutunta dokar wuri. Mai sauka a Abuja ko Legas ya bayyana wa jami'an kwastam abin da ke akwatinsa in an tambaya.

Zafin gida ma abin lura ne. Gueuze na iya shekara goma a ɗaki mai sanyi da duhu, amma a ɗakin da rufin kwano ke gasawa ba za ta kai ko'ina ba, kuma firijin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, yau sanyi gobe ɗumi, ya fi cutar da toshiya. A Jos a samu lungu mafi sanyi a ƙasa, cikin kwali, nesa da taga. A Kaduna ko Abuja kuwa a shanye su cikin wata biyu zuwa uku, IPA kuma a makon farko.